Amsa ga mai jaririn da ƙafarsa ta murɗe

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na share hawaye. Jaririn sati uku, tafin ƙafa ya juya ciki, ana ce miki ki bari in ya fara tafiya za ta miƙe da kanta. Wallahi haka aka ce mini a kan ɗana. Kar ki jira.

Ni uwar mijina ce ta hana ni sakat. Ta ce wani abu na ƙetare da ciki, su a zuriyarsu ba a taɓa haifar gurgu ba. Ranar suna, gaban mata, ta yaye zanen yaron tana nuna musu. Har yau in na tuna ƙirjina zafi yake. Ta kai shi wajen wani maɗori a bayan Birni, ya ɗaure ƙafar da kara da tsumma kamar karaya. Kwana biyu yaro bai runtsa ba, yatsu suka kumbura suka yi baƙi. Da asuba na kwance da hannuna, yana kuka ina kuka. Wata bakwai muka ɓata a haka.

Ba shan inna ba ne, ba laifinki ba ne, kusan jariri ɗaya cikin 1000 haka ake haifarsa. Hanyar Ponseti ake bi: duk sati a lanƙwasa ƙafar kaɗan a sa siminti daga yatsu har cinya, sau 5 ko 6 in an fara da wuri. Mu sai da muka wuce haka. Yawanci sai an ɗan yanke agara, kar wannan ya tsorata ki. In yatsu suka yi sanyi ko suka sake launi cikin siminti, koma asibiti a ranar.

Bayan an gama siminti ana sa wa yaro takalma haɗe da sandar ƙarfe don kar ƙafar ta sake murɗewa, nan ne wahalar: awa 23 a rana har wata 3, sannan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Na tausaya masa da zafin Afrilu na cire, ƙafa ta fara komawa.

Fara da babban asibitin Damagaram, akwai kuma asibitin yara na CURE a Yamai. Ki tafi da maigidanki ya ji daga bakin likita, nawa sai a lokacin ya daina bin maganar Hajiyarsa. In ba ki da mai raka ki, ki yi mini magana ta ciki, ina nan Sabon Gari.