Fenti ruwan toka ya shigo yayi: nawa zan zuba a cikinsa?

Wani mai shagon fenti a Sabon Garin Zariya ya aiko da tambaya: "Kwanan nan duk wanda ya shigo shago ruwan toka yake nema, musamman masu sababbin gine-gine da iyayen amare. Ina da naira miliyan 2 da zan ƙara a jari. In saro ruwan toka kala-kala da su gaba ɗaya?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ba na so ka zuba kuɗin nan duka a wuri ɗaya, domin ruwan toka suna ne guda amma launinsa da yawa. Akwai mai ratsin shuɗi, akwai mai ratsin kore, akwai wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Idan ka jera kala goma a kanta, biyu ko uku ne za su riƙa fita. Sauran su zauna suna shan zafin shago, fentin ya kwanta a gindin bokiti, kuɗinka ya kwanta tare da shi.

Wanda zan ce ka ba ƙarfi shi ne mai haske da ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Ka san ƙurarmu ta Zariya ja ce, kuma in hunturu ya kama babu ɗakin da take ƙyalewa. A bango mai duhu ko mai ratsin shuɗi nan da nan take bayyana, a wannan kuwa sai ta saje. Ga ɗakunanmu da yawa tagoginsu ƙanana ne, ga wuta ba kullum ba. Ruwan toka mai duhu a irin wannan ɗaki, tun la'asar sai ka ɗauka magariba ta yi. Shi kaɗan za ka ajiye, galan mai lita 4, don masu yi wa bangon talabijin ado. Bokiti mai lita 20 kuwa ka bar wa mai hasken da kuma fari, tunda duk wanda ya sayi ruwan toka sai ya nemi farin silin.

Abin da ya fi damuna shi ne rigimar dawo da kaya. Mutum zai zaɓa a ɗan katin kamfanin Dulux ko Berger a ƙofar shago da rana tsaka, ya je gida a shafa, da dare a kunna farin ƙwan lantarki, sai bango ya koma shuɗi-shuɗi. Washegari ga shi da buɗaɗɗen bokiti yana cewa ba shi ya zaɓa ba. Ka sa kafinta ya yanka maka falankai masu ɗan faɗi, ka shafa wa kowanne kala ɗaya sau biyu, ka bari ya bushe, don fentin ruwa yana ɗan sauya launi idan ya bushe. Mai saye ya tafi da falankin gida, ya jingina shi kusa da tayil da labule, ya gani da safe ya gani da dare, sannan ya dawo ya biya.

Wanda ya ce lallai sai an haɗa masa nasa na daban, karɓi kafin alƙalami tukuna, don haɗin da aka yi wa wani da wuya ya shiga idon wani. Ka kuma tanadi littafi: sunan mai saye, lambar kalar, da adadin baƙin da aka ɗiga a farin. Ranar da fenti ya gaza ana tsakiyar aiki, littafin nan ne zai dawo maka da mai sayen zuwa shagonka.

Ni da kuɗin a hannuna suke, kusan rabi zan sa a ruwan toka mai haske kala biyu ko uku, kashi ɗaya cikin huɗu a fari, sauran in riƙe su a hannu. Bayan wata biyu ka buɗe littafin ka ga wace kala ce ta fi fita, kuma ka tambayi masu fentin da ke saye a wurinka abin da ake sa su shafawa a Samaru da Hanwa da Tudun Wada. Da ragowar kuɗin sai ka ƙaro wannan kalar kafin hidimar Sallah da jeren amare su taso.