Amsa Ga Yarona Kan Eksiren Baƙin Rami

Ɗana, ka tambaye ni ko gaskiya ne eksiren da ke fitowa daga wajen baƙin rami, wato wurin da jansa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuce masa, a sararin samaniya yana sauya hali, alhali babu mai murɗa masa maɓalli. Gaskiya ne, kuma aikinmu na ɗakin hoton eksire a asibiti ya isa ya fahimtar da kai. Idan manomi ya zo daga ƙauyukan Gumel da karayar yatsa, saita ƙarfin lantarkin na'urar a kilobolt 55 ya wadatar, amma hoton ƙirji yakan nemi sama da 100, domin ƙarfin ratsawa daban ne da yawan haske.

Ramin kansa ba ya haskawa. Idan akwai tauraron da suke zagaya juna da shi, yakan zuƙo iskar gas daga jikin tauraron, ta taru kamar faifai tana juyawa, har zafin cikinta ya kai kusan digiri miliyan 10. Lokacin da faifan ya matso bakin ramin, eksire mai taushi, wato mai ƙarancin ƙarfin ratsawa, ne ke rinjaye. A wani lokacin kuma sai faifan ya raunana, wani gajimaren elektron mai zafin kusan digiri biliyan 1 ya karɓi hasken ya ƙara masa ƙarfi, eksiren ya yi tauri, ramin kuma ya riƙa feso siririn tururi mai fitar da igiyar rediyo. Da zarar taushi ya dawo, tururin yakan ɗauke.

An shaida wannan a kan wani baƙin rami mai suna Cygnus X-1, wanda aka gano a 1964, mai nauyin da ya ninka na rana kusan sau 21, da ke kammala zagaye da tauraronsa cikin kwana 5.6. A 1971 tauraron ɗan'adam Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar tekun Kenya a Disamban 1970, ya ga eksirensa mai taushi ya ragu ƙwarai, kuma a daidai lokacin igiyar rediyo ta bayyana a wurin. Wasu ramukan kuwa barci suke yi, irin V404 Cygni da ya yi tsit daga 1989 sai a Yunin 2015 ya farka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar tafiya ba ita ce ta dawowa ba: ramin da ya farka yakan bar tauri ya koma taushi yana tsananin haske, amma ba ya komawa tauri sai ya dusashe sosai. Saboda haka masana ba sa yanke hukunci da yawan haske kaɗai, sai sun auna taurinsa.