Amsa ga Injiniya: yadda reshen kamfanin waje yake kai ga ƙirƙira

Assalamu alaikum jama'ar gida. Injiniya, na ji muryarka jiya da dare, inda kake cewa reshen kamfanin waje ba ya ƙirƙirar komai, ɗaure noti kawai yake yi, basirar tana can hedikwata. Kana da gaskiya a farkon al'amari, amma ranka ya daɗe, ba nan ake tsayawa ba.

Dubi kamfanin General Electric (GE) na Amurka, mai ƙera injuna da na'urori. A shekarar 2000 ya buɗe cibiyar bincike a Bangalore, can ƙasar Indiya. Da farko injiniyoyin wurin aike ake yi musu, a turo guntun aiki daga sama, su yi su mayar. To amma a cikin wannan aiken ne hannu ya faɗa. Suka san na'ura ciki da bai, aka fara yarda da su.

Sai ga matsalar gida. Na'urar gwajin bugun zuciya da GE ke sayarwa a lokacin ta kai wajen dala dubu 10, ga nauyi, ga ta sai da wutar lantarki. Likitan ƙauye a Indiya ina zai kai ta? Sai aka sakar wa 'yan reshen mara, aka ba su kuɗi da ikon yanke shawara. Suka fito da MAC 400, 'yar ƙarama mai batir, a rataya a jaka a hau babur, kuɗinta a lokacin wajen dala dubu ɗaya. Abin da ya fi burge ni, wallahi, ɗan injin da ke buga sakamakon a takarda, daga irin wanda ake buga tikitin motar bas da shi suka samo dabarar. Wanda ke zaune a ofis a Amurka ba zai taɓa hango wannan ba, don bai taɓa tsayawa layin tikiti a tashar Indiya ba.

Daga baya irin waɗannan ƙananan na'urori har a Amurka aka koma ana sayarwa.

Shi ya sa nake damuwa da ƙannenmu da ke aiki a rassan nan na Legas da Kano. In an ba ka gyaran inji, koyi injin har ƙarshe, ka rubuta abin da ya lalace da dalilinsa, zafi ne ko ƙura ko ɗaukewar wuta. Ranar da manaja zai nemi izinin ƙirƙirar abin da ya dace da gida daga sama, takardun nan ne hujjarsa. Injiniya, ina jiran amsarka.