Tun da yarinyar nan ta dawo, bakina ya yi nauyi a addu'a

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Shekarata 52, na yi 19 a cikin Zumuntar Mata, kuma ni ake yawan ba wa addu'ar buɗe taro. Ba na fashin addu'ar safe, ina azumi kowace Laraba, zakkata ba ta taɓa makara ba. Bara wata yarinya cikin mawaƙa ta yi ciki ba aure, aka sa ta a horo, ta yi wata takwas a bencin baya. Yanzu an karɓe ta. Ran nan shugabarmu ta ce ta rufe mana taro, sai ta tashi tana kuka, ba abin da take maimaitawa sai "Ubangiji ka yi mini jinƙai". Mata suka yi ta share hawaye, ni kuwa raina ne ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mu da muka tsare kanmu wa ya taɓa yi mana kuka? Tun daga ranar, in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Baba, laifi ne mutum ya gode wa Allah da ya kiyaye shi daga ramin da wasu suka faɗa?

Wata uwa, daga Kafanchan

AMSA: Mama, sannu da ƙoƙari, kuma na gode da ba ki yi wa wasiƙarki kwalliya ba. Godiya ba laifi ba ce. Amma ki sake duba taki godiyar, ki ga ko za ta iya tsayuwa in aka cire yarinyar nan daga cikinta. In sai an jingina ta da faɗuwar wani take tsayawa, to akwai abin dubawa.

Ki buɗe Luka 18:9-14. Mutum biyu suka hau Haikali yin addu'a, Bafarisiye, wato ɗaya daga cikin Yahudawa masu tsananin bin Shari'ar Musa, da mai karɓar haraji. Mu masu wa'azi mun saba zagin Bafarisiyen nan har mun manta cewa duk abin da ya faɗa game da aikinsa gaskiya ne. Azumin da Shari'ar Musa ta wajabta na rana ɗaya ne a shekara, Ranar Kafara, shi kuwa sau biyu yake yi kowane mako. Zakka yake fitarwa daga duk abin da ya samu. Irinsu ne Yesu ya ce har na'ana'a suna fitar wa zakka, a Matiyu 23:23. Da a ikilisiyarmu yake, da tuni mun zaɓe shi dattijo, mun damƙa masa littafin baiko. Da godiya ya fara, daidai kamar ke. Inda ya yi tuntuɓe shi ne da ya waiga ya ce ba kamar wannan mai karɓar harajin yake ba. Ki lura kuma, daga farkon addu'arsa har ƙarshe bai roƙi komai ba. Rahoto ya kai wa Allah.

Shi kuwa mai karɓar haraji, kada ki ɗauka wani bawan Allah ne da aka yi wa ƙage. Romawa masu mulkin ƙasar yake tara wa kuɗi, kuma irinsu sun yi suna wajen ɗora nasu a kai. Daga nesa ya tsaya, ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Kalmar da Luka ya rubuta da Girkanci a nan danginta ɗaya da kalmar kafara, ita ce kuma ta fito a Ibraniyawa 2:17 game da aikin Almasihu. Wato ba cewa yake a duba wahalarsa ba, cewa yake a yi masa abin da ba zai iya yi wa kansa ba. Yesu ya ce shi ne ya koma gida a karɓe.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina sabon fasto a wani ƙauye, aka yi babban taro, baƙi suka zo daga birni, aka ba ni addu'a. Na zuba ayoyi, na jero sunayen Allah, na yi ta ɗaga murya har gumi ya jiƙa mini kwala. Da aka tashi, wani tsohon manomi da ko karatu bai iya ba ya kama hannuna ya ce, "Fasto, yau ka yi mana wa'azi mai daɗi da ido a rufe." Har yau ban rabe ko yabo ne ko bulala ba, amma daren nan ban yi barci ba. Na san da mutanen birni nake magana, ba da Allah ba.

Maganarki ta "wa ya taɓa yi mana kuka" kuma ta tuna mini da babban wa a Luka 15, wanda ya ƙi shiga gida da ya ji kiɗan bikin dawowar ƙanensa da ya ɓata. Ya ce shekara da shekaru yana bauta, ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Uban bai kore shi ba, fitowa ya yi yana lallashinsa, ya ce kullum yana tare da shi, duk abin da yake da shi nasa ne. Shekarunki 19 ba su tafi a banza ba, Mama. Amma wanda ya riƙe ki cikinsu shi ne ya ɗaga yarinyar nan, hannu ɗaya ne. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nata ya fito fili har ciki ya nuna, naki kuwa ba a sa mutum bencin baya saboda shi, shi ya sa yake daɗewa a zuciya.

Nauyin bakin nan, ni ban ga abin tsoro a ciki ba. Yakubu 4:6 ya ce Allah yana gāba da masu girman kai, yana ba masu tawali'u alheri. Da ya bar ki kina ta zuba addu'a da wannan abu a ranki, da shi ne abin tsoro. Sai dai ki yi hankali da wani tarko: kada gobe ki fara gode wa Allah don kin fi sauran mata tawali'u. Na ga waɗanda suka mai da "ni ba komai ba ne" ado, suna faɗi suna satar kallo su ga wa ya ji.

Ga abin da zan ba ki. Mako biyu, ki ajiye doguwar addu'a. Da safe ki karanta Zabura 51, wadda Dawuda ya yi bayan annabi Natan ya same shi kan maganar Batsheba, ki kira abin da ke ranki da sunansa, kishi ne ko raini. Ki sa sunan yarinyar da na jaririnta a addu'arki, ba tare da tuna wa Allah abin da ta yi ba. In an ba ki buɗe taro, ki gajarta. Ranar taro mai zuwa kuma ki ɗauki littafin waƙoƙinki ki je ki zauna kusa da ita, ki karɓi yaron ki riƙe mata. Ki sake rubuto mini bayan haka.