Amsa: wane ƙarfen rataye keke ya dace da gyara a gida?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Agege a Legas, ɗakinka ƙarami, kuma ka gaji da kifa keke a kan sirdi kafin ka gyara giyarsa, shi ya sa kake neman ƙarfen da zai riƙe maka keken a sama yayin gyara.

Kafin kuɗi, ka fara duba bakin da ke riƙe keken. Ya zama yana da roba a ciki, yana kuma juyawa yadda za ka iya karkata keken. Kuma don Allah sandar sirdi za ka matse, kar ka matse jikin keken. Bututun alminiyam siriri ne, matsa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta loɓa shi, na kabon kuwa tsagewa yake yi.

Sai nauyi. Keken talaka bai cika kai kilo 20 ba, amma mai batir yakan wuce. Ƙarfen rataye keke na kamfanin Park Tool, samfurin PCS-10.3, na ɗaukar har kilo 36, sai dai da dala ake shigo da shi, ka san halin da ake ciki. Ni a ganina, in wanke sarƙa da gyaran birki ne kawai aikinka, ka je wajen mai walda ya haɗa maka, ka naɗe bakin da tsohon tiyub.

Tunda wurin ya matse, ka nemi mai naɗewa. In a tsakar gida za ka yi aiki inda simintin bai daidaita ba, mai ƙafa uku ya fi zama daram. Kar ka bar shi a waje da damina, danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe, ka riƙa shafa wa mahaɗansa mai.