Amsa ga ɗan'uwan da ke shan Tiramol saboda ciwon baya

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka inda ka ce tun faɗuwar damina kake shan Tiramol saboda ciwon bayan da noma ya tayar maka, mai kemis ne ya ba ka, kuma kana so ka ji ko akwai illa idan ka ci gaba har a gama girbi. Ni manomi ne a ƙasar Ringim, kuma na yi kusan shekara biyu a hannun wannan ƙwaya, don haka abin da zan faɗa maka daga jikina na same shi, sai kuma bayanin likitan da ya taimake ni na rabu da ita.

Ban fara sha don maye ba. Haɗarin babur na yi na karye a ƙafa, likita ya rubuta mini mai miligiram 50 na 'yan kwanaki, kuma gaskiya ya yi mini amfani, domin sai da na fara shansa na samu barci. Aikinsa na asali ke nan: ciwo mai tsanani irin na karaya ko na bayan tiyata, na ɗan lokaci, a ƙarƙashin kulawar likita. Dangin kodin da mofin ne, kuma ba wurin ciwon yake gyarawa ba, ƙwaƙwalwa yake hana jin zafin. Wannan batu shi ne ya fi shafarka, domin bayan da ke maka ciwo yana nan yadda yake, kai kuma kana ƙara duƙawa a kansa da fartanya tun safe har azahar saboda ba ka jin kukansa.

Kuskurena ya fara ne da lokacin huɗa ya zo ƙafar ba ta gama ƙwari ba. Na koma kemis na saya da kaina, na ga ina yin aikin mutum biyu ban gaji ba, sai na ɗauka ƙarfi yake ƙara mini. Kafin kaka ƙwaya ɗaya ta daina yi mini komai, na koma biyu, daga nan wani ɗan ƙodago ya nuna mini mai 225 da ake sayarwa a ɓoye ranar kasuwa. Ka lura da wannan lissafi, Malam: hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, wato NAFDAC, mai 50 da mai 100 kawai ta amince da su, kuma likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga baligi mai lafiya, wato wanda ya haɗiye mai 225 guda biyu ya riga ya tsallake iyaka tun kafin ya isa gona.

Ƙananan illolin na daɗe ina fama da su ban danganta su da maganin ba: jiri, tashin zuciya, bushewar baki, yawan gumi, rashin cin abinci, da taurin bayan gida wanda sai in yi kwana uku ban zaga ba. Babbar kuwa ta same ni a fadama muna ban ruwa, inda na yanke jiki na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya har na ciji harshena. Mutane suka ce iska ce, aka yi ta tofi da hayaƙi, alhali Tiramol idan ya yi yawa yana kawo irin wannan faɗuwa ko ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Da a bakin rijiya ko a kan babur abin ya same ni, ban san ko da ni ne ke rubuta maka wannan ba. Haɗa shi da maganin barci, ko maganin tari mai kodin, ko giya, ya fi haka haɗari, domin numfashi ne ke raguwa har mutum ya wuce cikin barci.

Azumi ne ya tona mini cewa jikina ya kamu. Kafin la'asar sai hamma ta kama ni ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gaɓoɓi na ciwo kamar zazzaɓi, raina ya ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, har iyalina suna kaffa-kaffa da ni. Da an kira magariba, kafin dabino ƙwayar nake nema. Ka gwada kanka da wannan: ranar da ba ka je gona ba kuma bayan bai dame ka ba, shin kana iya wuni ba ka sha ba? Idan ba ka iyawa, ko kuma adadin da ka fara da shi ya daina isarka, to maganar ta wuce ta ciwon baya. Kada ka ji kunya a kan haka, domin binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba.

Shawarata ita ce kada ka jira girbi, amma kuma kada ka yanke shi rana ɗaya bayan watanni kana sha, domin na gwada haka sau biyu, rashin barci da gudawa da fargaba suka mayar da ni kemis a kwana na uku. Ka je babban asibitin da ke kusa da kai da katin maganin a hannunka, ka faɗa wa likita ainihin adadin da kake sha ba tare da ragi ba, ya tsara maka yadda za ka riƙa ragewa sannu a hankali, sannan a duba bayan a san abin da ke damunsa. Idan abin ya yi nisa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Ka samu mutum ɗaya a gida wanda ka yarda da shi ya riƙe maganin yana ba ka bisa tsarin likita, a kuma ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Ni yayana ne ya riƙe mini, kuma a daminar da nake ragewa rabin gonata na ba da aro saboda jikina ba zai iya nome ta duka ba. Allah Ya ba ka lafiya.