Datar shagona na ƙarewa da wuri: ta ina ake kutso wa Wi-Fi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Zariya, na sa rawuta (na'urar da ke raba Wi-Fi) saboda aiki. Data na ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma ina zargin wasu na shiga ba da sanina ba. Ta yaya suke yi? Sannan ina sha'awar koyon wannan fanni, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zargi gwanayen kutse, fara duba na kusa. Duk wanda ka taɓa sa wa kalmar sirri a wayarsa zai iya miƙa ta ga wani nan take, domin wayoyin Android na yanzu suna fito da ita a hoton QR, aboki ya haska kawai ya shige. Juya rawutar, za ka ga adireshinta a rubuce, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Buɗe shi a waya ka duba jerin na'urorin da ke haɗe. In har "admin" ce kalmar sirrin da ta buɗe maka shafin, canza ta yau ɗin nan.

Kutsen gaske kuwa ga yadda yake. Tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2, wanda ake amfani da shi tun 2004, yana da ƙarfi, amma duk lokacin da waya za ta haɗu da rawuta sai sun yi musayar saƙonni 4. Mutumin da ke zaune kusa, yana riƙe da kwamfutarsa, zai iya tsintar wannan musayar a iska. In ya gaji da jira, sai ya aika saƙon bogi da zai yanke wayarka, tana sake haɗuwa ya kama. Kalmar sirrin ba ta cikin abin da ya kama, sai dai ya ishe shi ya koma gida ya sa kwamfuta ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi har ta dace, rawutarka ba ta ma san ana yi ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an sa lambar waya, ko sunan shago, ko 12345678. Lambar da ta fara da 080 ba ta ɗaukar lokaci. WPA2 na karɓar haruffa 8 zuwa 63, don haka haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, ka cusa lambobi a tsakani.

Akwai kuma WPS, wata hanya ta haɗa na'ura da rawuta da 'yar gajeriyar lamba maimakon kalmar sirri. A 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rawutoci na tantance lambarsa mai alƙaluma 8 ne rabi-rabi, sai gwajin da ake buƙata ya sauko zuwa kusan 11,000. Kashe shi. Idan ka ga tsohon tsarin tsaro na WEP a saiti kada ka zaɓe shi, tun 2001 aka karya shi. In na'urarka na da sabon tsarin WPA3, wanda ya fito a 2018, shi ne zaɓi, domin ya toshe waccan hanya ta gwaji a gida. Ka riƙa sabunta manhajar rawuta da ta wayoyi, ta haka aka magance ɓarakar KRACK da Mathy Vanhoef ya bankaɗo a 2017. Ɓoye sunan Wi-Fi bai tsinana komai. Kwastomomi kuma ka buɗe musu layin baƙi daban, in rawutar na da shi.

Batun koyo, na ji daɗin tambayar, domin muna buƙatar masu wannan ilimi. Fara da sanin yadda na'urori ke magana da juna: adireshin IP da na MAC (lambobin da ake gane kowace na'ura da su), da yadda saƙo ke tafiya. Sannan ka nemi tsohuwar rawuta taka ta kanka, da kwamfuta mai Kali Linux (babbar manhajar kwamfuta ta masu gwajin tsaro), da adaftar Wi-Fi da ke iya sauraron iska. Da manhajar Wireshark za ka ga waɗancan saƙonni 4 da idonka, da manhajar Aircrack-ng kuma ka gwada kalmar sirri mai rauni da mai ƙarfi ka ga bambanci. Amma kada ka taɓa rawutar maƙwabci ko da wasa, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba izini. In wani ya ce ka gwada masa tasa, ya ba ka izini a rubuce tukuna.